Cibiyar Koyon Fasaha ta Jami'ar Jean Moulin a Lyon

Cibiyar Koyon Fasaha ta Jami'ar Jean Moulin Lyon 3, wadda ake taƙaita sunanta da IUT, makaranta ce ta gwamnati da ke kan titin Pasteur a gunduma ta 7 ta birnin Lyon, a yankin unguwar La Guillotière, wadda aka haɗe da birnin a shekarar 1852 kuma ta daɗe tana karɓar baƙi 'yan ci-rani, ciki har da mutanen Afirka ta Yamma. Irin waɗannan cibiyoyi an kafa su ne a Faransa a 1966 domin samar da ma'aikata masu ilimin aiki a aikace, kuma su ne mafi kusa da abin da ake kira kwalejin kimiyya da fasaha a Najeriya, sai dai su rassa ne na jami'o'i, ba makarantu masu zaman kansu ba.

Tun daga 2021 ɗalibai na yin shekara 3 kafin su sami digirin BUT, wanda ya maye gurbin difilomar DUT ta shekara 2. Cibiyar tana koyar da ayyukan shari'a, da gudanar da harkokin ofis da kasuwanci, da yaɗa labarai da sadarwa. Ana koyarwa a ƙananan rukunoni, ana auna ƙoƙarin ɗalibi a duk tsawon zango maimakon jarrabawa guda, sannan wajibi ne ya yi makonni yana koyon aiki a kamfani ko ma'aikata. Wasu ma kan raba lokacinsu tsakanin aji da wurin aiki suna karɓar albashi. Masu kammala sakandare a Faransa suna neman gurbi ta dandalin Parcoursup.