Baki da alƙalami a gaban alƙali: tarihin takardar shaida a ƙananan shari'o'i

Yawancin ƙararrakin da talaka yake kaiwa gaban shari'a ƙanana ne a idon doka, manya a rayuwarsa: bashin buhun gero, kuɗin hayar ɗaki, jinginar gona, ladan ɗinki ko na gini. A irin waɗannan shari'o'i ba kasafai ake ɗaukar lauya ba, domin kuɗinsa yana iya zarce abin da ake nema. Mutum shi ke tsayawa da ƙafarsa, ya faɗi da bakinsa. Sai alƙali ya tambaye shi hujja. A nan ne takarda take shigowa, kuma tarihin shigowarta a ƙasarmu ya biyo hanyoyi biyu: ɗaya daga gabas da arewa tare da malamai da fatake, ɗaya daga Faransa tare da ƴan mulkin mallaka.

Hanya ta farko ta samo tushe daga Alƙur'ani. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan bashi take magana: rubuta shi, da wanda zai rubuta, da wanda zai yi shifta, da shaidun da za su halarta. Duk da haka, mafi yawan malaman fiƙihu sun ɗauki wannan rubutu a matsayin abin so, ba wajibi ba. A zauren alƙali kuwa, baki ya fi alƙalami daraja. Mai da'awa yana kawo shaidu adilai, in ya rasa, wanda ake ƙara ya yi rantsuwa. Dalilin malamai a fili yake: rubutu yana kama da rubutu, ana iya ƙirƙira shi, kuma takarda ba ta amsa tambaya. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasashenmu suke bi, ta fi wasu sassauci, domin ta yarda shaidu su tabbatar da cewa sun gane rubutun hannun wane. Alƙalan ƙasar Hausa sun koyi waɗannan ƙa'idodi daga Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426.

Kasuwanci ne ya ba takarda ƙarfin da zauren alƙali ya hana ta. A ƙarni na 19, Damagaram zango ce babba a kan hanyar Kano zuwa Tarabulus. Bagadamashen da ya damƙa wa wakilinsa kaya a bakin Sahara ba zai iya jawo shaidu tafiyar watanni ba. Wasiƙa da littafin lissafi su ne suka tsaya masa. Takardar kanta haja ce mai tsada da ake kawowa daga Italiya a bayan raƙuma, shi ya sa rubutaccen alkawari ya zama na attajirai da fada da malamai. Manomi da mai koda sun ci gaba da dogaro ga mai unguwa, da maƙwabta, da tsoron rantsuwa.

Hanya ta biyu tana da nata tarihi. A 1566, dokar Moulins ta Sarki Charles na 9 ta hana karɓar shaidar baki a kan duk yarjejeniyar da ta wuce liba 100. Kundin dokokin farar hula na 1804 ya riƙe wannan ƙa'ida, ya sa iyakar a faran 150. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1790, juyin juya halin Faransa ya ƙirƙiro alƙalin sulhu, wanda aikinsa shi ne raba ƙananan rigingimu cikin sauri da araha, mutane suna magana da kansu. Amurka ta bi irin wannan tunani da kotun ƙananan ƙararraki ta birnin Cleveland a 1913, kuma a maƙwabta, Legas ta buɗe tata a 2018, Kano a 2019.

Lokacin da Faransawa suka kama Zinder a 1899, da wannan aƙida suka zo: takarda tana gaban shaidu. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, tsarin da aka yi ta gyarawa a 1912 da 1924 da 1931, ya kuma iso yankinmu a hankali. A waɗannan kotuna ba a barin lauya ya shiga. Kowa shi ke kare kansa, tafinta yana juya magana, ana rubuta hukunci da Faransanci a cikin rajista. Sannan dokar 2 ga Mayu 1906 ta buɗe wa ƴan ƙasa hanyar rubuta yarjejeniyarsu: a rubuta ta da Faransanci, a kai gaban kumandan, a fassara wa masu ita, in sun amince ya sa hannu. Daga ranar, takardar tana da nauyi a gaban kotu.

Abin lura shi ne wanda wannan tsari ya amfana. Wanda ya san hanyar bariki, ko yake da ɗa a lakol, ko yake shiri da tafinta, shi ya fara mallakar takarda. Wanda bai iya karatun boko ba yana dangwala yatsa a kan abin da aka ce masa an rubuta. Rubutun ajami da Larabci, wanda malaman gari suka iya, ya koma baya a idon hukuma. Ta haka makamin da aka ce zai kare mai rauni ya iya zama igiyar ɗaure shi.

Bayan samun ƴancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotunan ƙasa wuri guda, ta bar wa al'ada gurbinta a sha'anin aure da gado da gonaki, tare da masu ba alƙali shawara a kan al'adun masu shari'a. Sarakunan gargajiya sun riƙe ikon sasantawa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ƙara matsar da takarda kusa da manomi: ta kafa hukumomin filaye, waɗanda aka fi sani da kofo, inda ake samun takardar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko ta mallakar gado. Ta kuma wajabta a fara kai rigimar gona gaban sarakuna, a rubuta sakamakon sulhun, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. A fannin ciniki, dokar OHADA ta 1998, wadda aka sabunta a 2023, ta ba mai bin bashi damar neman umurnin biya daga alƙali, muddin ya haɗa da takardun da suka nuna bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi.

To, me wannan tarihi yake koya wa mai zuwa kotu shi kaɗai? Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: takarda mafi ƙarfi ita ce wadda take da shaidu a bayanta. Ya kamata ta ƙunshi kwanan wata, da cikakkun sunaye, da adadin kuɗi da lambobi da kuma kalmomi, da ranar biya, da sa hannun wanda ake bi, da na shaidu biyu da za su iya zuwa su yi bayani. A karanta wa wanda bai iya karatu ba, da harshen da yake ji, kafin ya dangwala. A adana ta asali, a yi kwafi, a jera takardu bisa kwanakinsu. Takardar kamfanin aika kuɗi tana nuna kuɗi sun fita, amma ba ta faɗin ko rance ne ko kyauta. Saƙon waya da ya ambaci ranar biya shi ke cike wannan giɓi.

Saura kunya, wadda ita ce babban shinge. Har yanzu neman sa hannun ɗan'uwa yana kama da zarginsa. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shaidu suna tsufa, suna ƙaura, suna mutuwa, su bar marayu da gardama. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ya ɗora wa malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu wani aiki na zahiri: a azuzuwan yaƙi da jahilci, a koya wa manya rubuta takardar bashi da ta jingina da harshensu, da boko ko da ajami, domin ranar da aka tsaya gaban alƙali, mai takarda ya san abin da yake riƙe da shi a hannu.