Aicha Macky: ɗiyar Damagaram da ta shiga Kara-Kara da kyamara

Masu bin wannan shafi, na gida da na nesa, sun sha tambaya ko akwai ɗan Nijar da ke yin fim a kan rigingimun da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ba baƙo daga Turai ba. Akwai. Ɗaya daga cikinsu mace ce, Bahaushiya ƴar Damagaram, sunanta Aicha Macky. Aikinta shi ne fim ɗin gaskiya, wato wanda ba wasan kwaikwayo ba ne: mutane na ainihi, a gidajensu, suna faɗin abin da ya same su da bakinsu.

Asalinta da karatunta

An haife ta a Damagaram a shekarar 1982. Ta karanta ilimin zamantakewar al'umma a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ta koyi aikin fim a makarantar IFTIC, inda ake horar da ƴan jarida da ma'aikatan rediyo da telebijin. Gajerun finafinanta na farko sun fito a 2011 da 2013. Na farkon ya yi magana a kan yadda ake kallon siririyar mace a ƙasarmu, na biyun kuma, "Savoir faire le lit", ya taɓo maganar da uwa da ɗiya ke jin kunyar yi game da zaman aure. Tun daga nan aka gane hanyarta: abin da jama'a ke rufewa, shi take buɗewa, amma da ladabi.

Itacen da ba ya ƴaƴa

A 2016 ta fitar da "L'Arbre sans fruit", ma'ana itacen da ba ya ƴaƴa. Fim ne a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba, kuma da labarin kanta ta fara. A cikinsa tana magana da mahaifiyarta wadda ta rasu wajen haihuwa. Ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifi ita kaɗai, alhali sau da yawa namiji ba ya yarda ya je likita a auna shi. Sani Magori, ɗan Galmi, wanda ya yi fim a kan noman albasa, yana cikin waɗanda suka tsaya wa aikin. A shekarar ne fim ɗin ya ci kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya mafi kyau a Afirka.

Kara-Kara da ƴan pale

Aikin da ya fi kai ta bakin wuta shi ne "Zinder", wanda aka fara nunawa a 2021 a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwizalan, aka kuma kai shi FESPACO a Wagadugu cikin wannan shekara. An ɗauke shi a Kara-Kara, unguwar da tun da can aka ware wa kutare a gefen gari. Ƴaƴansu da jikokinsu da yawa sun tashi ba takardar haihuwa, ba lakkwal, ba aikin yi. A nan ƙungiyoyin samari da ake ce wa "pale" suka yi ƙarfi, suna ɗaga ƙarfe, suna faɗa da wuƙa da adda. Garin bai manta da tarzomar 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar.

Fim ɗin ya bi mutum uku. Siniya Boy, na ƙungiyar da ta sa wa kanta suna Hitler, yana son ya kafa kamfanin gadi shi da abokansa don su ci halal. Bawo ya bar shugabancin pale ya koma kabu-kabu, amma abin da ya aikata a baya bai bar shi ya huta ba. Ramsess kuma fasa-ƙwaurin mai ne abin yi, daga iyakar Najeriya, a garin da matatar SORAZ ke kusa da shi tun 2011. Duk wanda ya san ƴan ruwa-ruwa a hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi ya san irin wannan kasada.

Yadda take aiki

Mai kallo zai lura ba ta tsaya daga nesa tana yanke hukunci ba. Ta zauna da su, da Hausa suke magana, har suka yarda suka nuna mata tabon jikinsu, ta kuma shiga gidan kaso wurin waɗanda ke tsare. Ta bai wa matan da aka ci zarafinsu dama su ma su faɗi nasu. Ba ta wanke masu laifi ba, ba ta kuma mayar da su dodanni ba. Wannan shi ne wuyar aikin: mai fim a wurin rikici yana ɗauke da amanar wanda ya yi masa magana, domin fuskar da ya nuna a Turai tana iya jawo wa mai ita fitina a gida.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan Madarunfa namu ciwon daban ne: satar shanu, kama mutane don kuɗin fansa a garuruwan bakin iyaka da wajen dajin Baban Rafi, ga ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina da suka fara kwararowa jihar Maraɗi tun 2019. Amma tambayar da fim ɗin "Zinder" ya yi ta shafe mu: yaron da ba lakkwal, ba gona, ba sana'a, wa zai riga kai wa gare shi, mai ba shi aiki ko mai ba shi bindiga? Iyaye, malamai da masu gari su ne za su fara ba da amsa. Ƴan uwanmu da ke Kano, Agadas, Libiya ko Turai, in kun samu damar ganin fim ɗin, ku kalle shi tare da samarinku. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.