Gwajin makonni uku da muka yi wa sakaci a Umdurman

Waɗanda suka koya mana aikin ɗakin gwaji a Umdurman da fitsari suka fara. A zuba ruwan Benedict mai shuɗi a 'yar kwalba, a ɗiga fitsarin majinyaci, a ɗora kan wuta. In ya koma kore, da sauƙi. In ya yi ja kamar jan bulo, sukari ya yi yawa. Labarin 'yan sa'o'i kaɗai yake bayarwa.

Sai gwajin jini na HbA1c ya iso, wanda majinyatanmu ke kira tarakumi. Samuel Rahbar ne ya lura da shi a Tehran a 1968, kuma bayan binciken ciwon sukari na DCCT na 1993 likitocin duniya suka rungume shi. Ƙwayar jan jini kan rayu kwana 120, sukari na manne mata a hankali, don haka gwajin ke nuna halin watanni biyu zuwa uku. Asibitocin Hartum, har da cibiyar Jabir Abu Eliz, suka mai da shi ma'auni.

Amma jinin mutanenmu ba kullum yake ba shi haɗin kai ba. Sikila ta yawaita tsakanin Hausawan Sudan da Misiriyawan Kordofan, kuma ƙwayar mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Zazzaɓin cizon sauro ma fasa ƙwayoyin yake yi. Sai sakamako ya fito ƙasa, likita ya ce alhamdulillahi, alhali mutum na kwana yana zaryar bayi.

Mafita tana nan tun farkon shekarun 1980, lokacin da masu bincike a Niyu Zilan suka fito da gwajin furuktosamin. Shi furotin na ruwan jini yake dubawa, musamman albumin, ya ba da labarin makonni biyu zuwa uku. Ga araha. Mai juna biyu, da wanda aka sauya wa insulin, da mai azumin Ramadan, duk ba su da watanni ukun jira. Yana da nasa rauni: in ƙoda na zubar da furotin ko hanta ta lalace, shi ma ba abin dogaro ba ne. Duk da haka, da wuya na ga likita ya rubuta shi, kuma wannan yana damuna har yau.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe ɗakunan gwaji da dama, har mayaƙa suka mamaye babban ɗakin gwaji na ƙasa. Duk mai sayo kayan aiki don sake buɗe su, ya sa sinadarin furuktosamin a odar farko.