Kwalin da Babu Kaya a Ciki: Yadda Star Wars Ya Koya wa Duniya Cinikin Ɗoki

A lokacin Kirsimetin 1977, iyaye a Amurka sun riƙa zaro kuɗi suna saya wa 'ya'yansu kwalin da babu abin wasa a cikinsa. Kamfanin Kenner, wanda ya karɓi izinin ƙera 'yan tsanan taurarin fim ɗin Star Wars, bai yi tsammanin kasuwa za ta buɗe haka ba, ga shi kuma lokaci ya ƙure. Sai ya buga takardar alkawari ya sa a kwali: yaro ya cike ta ya aika, za a turo masa 'yan tsana huɗu tsakanin Fabrairu da Yunin shekara mai zuwa. Mutane kuwa suka saya. A ganina duk tarihin wannan jerin fina-finai yana ƙunshe cikin wannan kwali, domin tun daga nan aka gane cewa ɗokin abu ma haja ne.

Abin mamakin shi ne, watanni bakwai kafin haka kusan babu wanda ya yarda da fim ɗin. George Lucas ya kai labarin kamfanonin United Artists da Universal, duka suka juya masa baya. Alan Ladd Jr. na 20th Century Fox ne ya karɓa, shi ma saboda ya ga hazaƙar saurayin a fim ɗinsa American Graffiti na 1973. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 11. An ɗauki wani ɓangare a hamadar kudancin Tunisiya, inda ruwan sama da ba a saba gani ba ya lalata kayan aiki, sauran kuma a Elstree kusa da Landan, inda ma'aikata da dama suka ɗauki abin shirmen yara. Masu gidajen silima ma sun yi ta noƙewa, har sai da Fox ya gindaya wa wasu sharaɗin cewa duk mai son The Other Side of Midnight, fim ɗin da ake sa ran zai yi kasuwa a shekarar, to ya haɗa da wannan. Ranar 25 ga Mayu 1977 aka fara nuna shi a gidajen silima 32 kacal.

Kafin mako ya zagayo layin 'yan kallo ya fara zagaye gine-gine. Kafin shekara ta ƙare ya ture Jaws daga matsayin fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi a Amurka, daga baya ya ci kyautar Oscar shida, da wata ta musamman ga Ben Burtt mai haɗa sauti.

Me ya jawo haka? Masu cewa sa'a ce kawai sun manta da Charles Lippincott, mai kula da tallar fim ɗin, wanda tun 1976 ya bi masoya almarar kimiyya har taronsu na San Diego, ya sa aka fitar da littafin labarin watanni kafin fim ɗin, ya kuma ƙulla yarjejeniya da Marvel kan mujallar zane. Waɗanda suka kama layi ranar farko ba 'yan tsautsayi ba ne. An daɗe ana yi musu shimfiɗa. Sai kuma yanayin ƙasar. Yaƙin Biyetnam ya ƙare da kunya a 1975, Shugaba Nixon ya sauka cikin abin fallasa a 1974, manyan fina-finan zamanin kuma cike suke da ɗaci da zargi. Kwatsam sai ga tatsuniya mai fari da baƙi a rarrabe: maraya ɗan ƙauye, tsoho mai hikima, gimbiya a hannun azzalumai. Lucas bai ɓoye inda ya yi aro ba, daga tsofaffin shirye-shiryen Flash Gordon, da The Hidden Fortress na Akira Kurosawa, da nazarin Joseph Campbell kan tatsuniyoyin jarumta. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san ƙashin bayan wannan labari. Sabon abin shi ne tufar da aka sa masa: kyamarar da kwamfuta ke sarrafawa wadda John Dykstra ya haɗa a Industrial Light & Magic, da kiɗan John Williams, da kumbunan da suka yi tsatsa da ƙura kamar tsohuwar motar haya, har mai kallo ya ji kamar da gaske ana rayuwa a can.

Ba kowa ya yi murna ba. Pauline Kael ta mujallar The New Yorker tana cikin masu ganin fim ɗin gudu ne kawai babu numfashi. Har yau akwai masu ɗora wa Star Wars da Jaws alhakin kashe zamanin fina-finan manya masu tunani, suka bar Hollywood tana farautar kuɗin matasa a lokacin hutu. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake kamfanoni ne suka zaɓi darasin da za su ɗauka.

Darasin kuwa na kuɗi ne. Bayan nasarar American Graffiti, Lucas yana da damar neman ƙarin lada, amma ya gwammace ya riƙe haƙƙin ci gaban labarin da kaso mai tsoka na cinikin kayayyakin da ke ɗauke da sunan fim ɗin. Da wannan ya ɗauki nauyin The Empire Strikes Back a 1980 da kuɗinsa da rancen banki, ya biyo da Return of the Jedi a 1983. A wannan na ukun akwai wani abin dariya da ya shafi nahiyarmu: baƙon halittar nan Nien Nunb, da aka so ya yi yaren wata duniya, muryar wani ɗalibi ɗan Kenya ce, Kipsang Rotich, yana magana da Kikuyu. 'Yan kallo a Nairobi suka ji ɗan sama jannati yana yaren gida.

A shekarar ce kuma sunan ya kuɓuce wa mai shi. A Maris 1983 Shugaba Reagan ya sanar da shirin kakkaɓo makamai masu linzami daga sararin samaniya, 'yan adawa da 'yan jarida suka laƙaba masa Star Wars. Lucasfilm ya kai ƙara a 1985 don hana wasu ƙungiyoyi amfani da sunan a tallace-tallacen siyasa, kotu ta ƙi. A ƙidayar 2001, mutum sama da 390,000 a Ingila da Wales suka rubuta Jedi a gurbin addini, akasari don tsokana.

Ɗoki mafi girma shi ne na 1999. Shekara 16 ana jira. Da aka saki tallar The Phantom Menace a Nuwamba 1998, mutane sun sayi tikitin wasu fina-finai don su kalli minti biyun nan su fice. Wasu sun yi makonni suna kwana a bakin silima. Fim ɗin ya tara kuɗi ƙwarai, amma yaran 1977, waɗanda yanzu sun zama magidanta, sun je neman yarintarsu ne, ita kuwa ba ta sayuwa. Haushinsu ya sauka kan 'yan wasa. Ahmed Best, wanda ya fito a Jar Jar Binks, ya bayyana a 2018 cewa tsangwamar ta kai shi gab da halaka kansa. Bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 kan dala biliyan 4.05, abin ya sake maimaituwa da sabon launi. The Force Awakens na 2015 ya haura dala biliyan 2, amma John Boyega, ɗan Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sha zagin wariyar launin fata tun daga fitowar tallar farko, Kelly Marie Tran kuma ta goge hotunanta a Instagram a 2018. Boyega ya fito fili a 2020 ya soki kamfanin kan tallata shi a sahun gaba sannan a tura shi gefe.

Rigimar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta mallaka. A 1988 Lucas ya tsaya gaban Majalisar Dokokin Amurka yana kare tsofaffin fina-finai daga masu sauya su. A 1997 shi da kansa ya sake fitar da nasa ukun da gyare-gyaren kwamfuta, har ya sauya wanda ya fara harbi tsakanin Han Solo da Greedo, ya kuma ƙi sakin na asali cikin inganci. Hujjarsa ita ce aikinsa ne, kuma bai gama shi yadda yake so ba a 1977. Masoya suka ce abin da miliyoyi suka kalla ya zama tarihi, ba a yi masa kwaskwarima. Da suka ga roƙo bai yi ba, wani malamin Turanci a Jamhuriyar Czech, Petr Harmáček, ya zauna da kwamfutarsa yana tsinto hotuna daga tsofaffin faya-fayai, yana cire ƙarin Lucas ɗaya bayan ɗaya. A 2011 ya saki nasa kwafin, wanda har yau ke yawo hannu da hannu a intanet, ba da izinin kowa ba.