Barkono Nawa Ne a Ciki?

A Amurka da Ingila yanzu, mai neman littafin soyayya takan tambayi yawan barkonon da ke ciki tun kafin ta tambayi sunan marubuciyar. A TikTok, inda 'yan mata ke tallata wa juna abin da suka karanta, ana jera ɗan hoton jan barkono kusa da sunan littafi. Ɗaya na nufin an tsaya a riƙe hannu da sumba, biyar kuma na nufin marubuciya ba ta rage komai ba daga abin da ya gudana a ɗakin kwana. Kalmarsu ita ce "spicy", mai yaji. Kafin ta an daɗe ana cewa "steamy", mai tururi. Da wuya a sami reshen adabi mai tarin sunaye irin wannan, kuma wanda ya bi su a hankali zai ga abin da littattafan suka iya da abin da suke rufa wa asiri.

Uwar sunayen ita ce "romance", kuma asalinta babu ruwansa da so. A tsohon Faransanci tana nufin abin da aka rubuta da harshen gama-gari, saɓanin Latin na malamai da limaman coci. Da yake labaran barade da gimbiyoyi ne aka fi rubutawa da harshen, sai sunan ya liƙe musu, daga baya ya koma kan labarin so. Ke nan tun ran gini tun ran zane: da raini aka haifi sunan, har yau kuma bai rabu da shi ba. Gerald Mills da Charles Boon sun kafa kamfaninsu a Landan a 1908, Harlequin ya biyo baya a Winnipeg ta Kanada a 1949, ya kuma saye Mills & Boon a 1971. A Ingila, in aka ce labarinka ya yi kama da Mills & Boon, ba yabo aka yi maka ba. Duk da haka ƙananan littattafan nan sun zaga duniya, kuma mata da dama da suka yi makarantun kwana a Najeriya sun karanta su a ɓoye, ana miƙa wa juna har bangon ya yage.

Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta gindaya sharuɗɗa biyu kafin littafi ya cancanci sunan: so ya zama ginshiƙin labarin, sannan a ƙare da farin ciki. Masu sana'ar sun taƙaita sharaɗi na biyu da haruffa uku, HEA, wato an zauna lafiya har abada. Da wannan ma'auni labarin Romeo da Juliet ya faɗi, Laila da Majnun ma haka, tun da mutuwa ce ta rufe su. Masu suka na cewa ai an san ƙarshen tun shafin farko. Gaskiya ne, amma ban taɓa jin an zargi littafin 'yan sandan ciki don an kama mai kisa a babin ƙarshe ba. A ganina nan ne babban ƙarfin waɗannan littattafai: sunan alkawari ne, kuma ana cika shi. Janice Radway, wadda ta zauna da wasu matan aure masu karatun soyayya ta fitar da bincikenta a 1984, ta gano cewa da yawansu suna ɗaukar littafin ne don su ƙwaci ɗan lokaci na kansu daga hidimar miji da 'ya'ya. Macen da ta sami sa'a ɗaya tak a yini ba ta son ta kashe ta kan labarin da zai bar ta da baƙin ciki.

Zafin ya shigo kasuwa sosai a 1972, lokacin da kamfanin Avon ya buga The Flame and the Flower na Kathleen Woodiwiss. Littafin ya sayu ƙwarai, irinsa suka yi ta fitowa, 'yan jarida suka laƙaba musu "bodice ripper", mai yage wa mace riga. Marubutan sun tsani laƙabin, sai dai ba ƙarya ya yi ba. A farkon littafin Woodiwiss jarumin fyaɗe ya yi wa jarumar, yana zaton karuwa ce, daga ƙarshe kuma shi ne mijin da take ƙauna. Abin da ya fi damuna shi ne sunan da aka samar wa irin wannan yanayi a cikin sana'ar, wanda ma'anarsa ita ce lallashin dole. Lallashi da dole ba sa kwana ɗaki ɗaya. An haɗa su ne don mai karatu ta iya wuce shafin ba tare da ta kira abin da sunansa ba.

Daga nan aka gina tsani. A ƙasa akwai "mai daɗi" da "mai tsabta", sai "ƙofa a rufe", inda masoya ke shiga ɗaki babi ya ƙare, sai "ƙofa a buɗe", har zuwa matakin da kwanciyar ita ce ke tafiyar da labarin. "Mai tsabta" ya fi kowanne jawo faɗa, domin duk wanda ya kira nasa mai tsabta ya riga ya faɗi abin da yake gani a na maƙwabcinsa. Ba kuma za a hana masu zafin nasu yabon ba. A mafi yawan adabin da maza suka rubuta, mace abin sha'awa ce. A nan ita ce mai sha'awar, da idonta ake kallo, jin daɗinta ne abin lura. Nagartattun littattafan 'yan shekarun nan suna nuna namiji yana tambaya yana jiran amsa, ana maganar kariya ba kunya. Marasa kyau kuwa sukan manta da labarin gaba ɗaya, a yi ta maimaita abu guda duk bayan shafi talatin har mai karatu ta fara tsallakewa. Gwajin mai sauƙi ne: in an cire shafukan ɗakin kwana, akwai abin da ya canza tsakanin mutanen biyu? In babu, cika takarda aka yi.

Ban da matakan zafi akwai sunayen rassa; sunan "na zamani" bai da wani zurfi, yana nufin labarin bai faru a zamanin sarakuna da keken doki ba. Abin dariya kawai shi ne wane zamani ake nufi, tun da a cikinsa attajirai masu jirgin sama na kansu, matasa, marasa aure, sun fi direbobin tasi yawa.

Reshen da ya fi ba da abin nazari shi ne "paranormal", abin da ya fita daga al'ada: masoyi mai shan jini wanda ya shekara ɗaruruwa, ko mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci ko damisa. Christine Feehan ta buɗe hanya da Dark Prince a 1999, sai 2005 ta kawo jerin J. R. Ward mai zafi da kuma Twilight na Stephenie Meyer, wanda matasa aka yi wa shi, ƙofarsa a rufe. Wani abu ya faru bayan nan da ya tona asirin rassan biyu, wannan da na zamani. Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011, ya fara ne a intanet a matsayin labarin da ita James, masoyiyar Twilight, ta gina da jaruman Meyer. Da aka zo bugawa sai aka sauya sunaye. Mai shan jinin ya riga ya zama attajiri, amma halin bai motsa ba: yana bin sawunta, yana yanke mata hukunci, yana hana ta abin da ya ga dama da sunan kula. Ashe mutum ɗaya ne a riga biyu.

Sunan wannan mutum a kasuwa "alfa". Kalmar ta fito ne daga nazarin kyarketai. Rudolph Schenkel ya lura da waɗanda aka tsare a gidan namun daji na Basel, ya wallafa a 1947 cewa akwai mai mulkin garke da ƙarfi. L. David Mech ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970. Amma bayan ya daɗe yana kallon kyarketai a daji, a 1999 ya fito ya ce garken iyali ne kawai, uba da uwa da 'ya'yansu, kuma faɗan mulkin da aka gani halin baƙin juna ne da aka cusa keji ɗaya. Har roƙon kamfanin ɗab'i ya yi a daina buga tsohon littafin. Masana suka saki kalmar, marubutan soyayya suka riƙe ta gam, domin tana musu aiki. In jarumi ya karya ƙofa don kishi, sai a ce ai alfa ne, jininsa ne. Masu karatu da kansu sun gaji, har suka manna wa kalmar wani zagin Turanci a wutsiya don su bambanta shugaba da azzalumi.

Ƙanwar alfa ita ce "abokin ƙaddara": halitta ta riga ta ware wa kowa nasa, da ya ji ƙanshinta ya gane. Ga marubuciya wannan sauƙi ne, ba sai ta sha wahalar nuna yadda baƙi biyu suka fara son juna ba. Ga mai karatu ma akwai daɗi a tunanin wanda ba zai taɓa iya duban wata ba. Tsadarsa ita ce "a'a" ta mace ta rasa nauyi, tun da labarin ya riga ya yanke cewa jinkiri kawai take yi. Ba dukansu ne suka faɗa ramin ba. Nalini Singh, haifaffiyar Fiji da ta tashi a New Zealand, ta fara jerinta a 2006 da wata al'umma da ta horar da 'ya'yanta su kashe duk wani ji a zuciya don gudun hauka da tashin hankali. Jarumarta tana ɓoye cewa tana ji, domin in an gane za a goge mata hankali. A nan abin al'ajabin yana ɗauke da tambaya ta gaske, kuma taɓa hannu kaɗai ya isa ya zama babban al'amari. Da kasuwar masu shan jini ta yi sanyi sai aka sake mata suna, aka haɗa soyayya da tatsuniya aka ce "romantasy", littattafan Sarah J. Maas da Fourth Wing na Rebecca Yarros na 2023 suka cika shaguna. Jarumin ya sami fukafukai ko dodon hawa, sauran duk yana nan.

Mu ma mun san rikicin suna. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayyarmu Adabin Kasuwar Kano, marubuta da dama suka ji zafin laƙabin, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a jaridu. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hausa tana da so da ƙauna da bege da shauƙi da sha'awa, kowanne da wurin zamansa, amma in an zo ga abin da Turawa suka yi wa matakai biyar, kalma ɗaya muke da ita, batsa, kuma hukunci ce. Shi ya sa masu rubutu a WhatsApp da Wattpad kan fake da gargaɗin cewa littafin na matan aure ne. Sunan "paranormal" kuwa ba zai zauna mana daidai ba. Ba'amurkiya ta san babu mai shan jini, wasa take da tsoro. Aljani yana cikin Alƙur'ani, kuma wadda aka ce namijin dare ya kama ta wurin malam ake kai ta a yi mata ruƙiyya. Marubuciyar da ta sa aljani ya so 'yar Adam tana taɓa abin da mai karatunta ta yarda yana faruwa.

Da barkonon can da batsar nan, jiki suke aunawa. Babu ɗayansu da ke faɗin yadda namijin ke bi da macen. Ana iya samun littafi "mai tsabta", ko wanda za mu ce mai tarbiyya, da jaruminsa ke marin matarsa ya kulle ta a gida, labarin kuma ya ba shi gaskiya. Ana iya samun mai barkono biyar da ba a taɓa tilasta wa kowa komai a cikinsa ba. Kasuwar Amurka ta fara lura da giɓin, sai ta ƙaro wasu sunaye: "baƙar soyayya" ga labaran da jarumi ke sace mace ko ya tsare ta, da "amincewa mai shakka" ga abin da a da ake ce wa lallashin dole. Littattafai da yawa yanzu suna buɗewa da shafin gargaɗi mai jera duka, da bibiya, da tilastawa, don wadda abin zai sosa wa tsohon miki ta ajiye tun da wuri. Wasu masu karatun kuwa shafin suke fara buɗewa a shago, in jerin ya yi tsawo su kai littafin wurin biya.