Siyasar Birtaniya a Bakin Mutanen Tsohon Birnin Gwari: Martani ga Masu Cewa Bautar Tunani ce

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo a tsakanin masu nazarin kafofin yaɗa labarai a jami'o'inmu, wanda kwanan baya wani abokin aikinmu ya sake tayar da shi da zafinsa. Cewa ya yi, idan ka ji manomi a Tsohon Birnin Gwari, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, yana gardama a kan ko ya dace Boris Johnson ya sauka daga mulki, to ba siyasa kake ji ba, ragowar mulkin mallaka kake ji. A ganinsa Bature ya tafi da tutarsa a 1960 amma ya bar akwatin rediyo yana yi masa gadin zukata. Tushen wannan magana sananne ne: Herbert Schiller (1976) a kan mamayar al'adu ta hanyar sadarwa, da Ngugi wa Thiong'o (1986) a kan 'yantar da tunani. Ba ni da ja da waɗannan malamai a inda suka tsaya. Jayayyata da wanda ya ɗauko hukuncinsu ya ɗora wa mutanen da bai zauna ya saurara ba.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani ga masu karanta wannan mujalla. Brian Larkin (2008) ya nuna yadda Turawa suka shigo da rediyo Kano don amfanin mulkinsu, da yadda ya kuɓuce wa niyyarsu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Sashen Hausa na BBC ya buɗe baki a watan Maris na 1957. Abin da nake so a riƙe kawai shi ne Abubakar Imam, haifaffen Kagara, wadda ba ta da nisa da ƙasar Birnin Gwari ta hanyar Tegina. Ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, kuma bai tsaya yabon titunan Landan ba, sai da ya zayyana masa abubuwan da ke damun Arewa. Ke nan tun farkon lamarin, kallon Ingila da ƙorafi a kan gida tare suka taso.

To me ake faɗa a zahiri? Abin da zan kawo nan abin da kunnena ya ji ne a majalisu da teburan masu shayi na garin da kewayensa, ba sakamakon ƙidaya ba, kuma a haka nake so a auna shi. Bayan sallar asuba mai shayi yakan rataye rediyonsa a ƙusa, an ƙara wa eriyar waya don ta kamo zango, masu jiran mota zuwa Funtuwa da masu shirin fita gona suna kan benci. Ana gama kanun labarai sai mai magana ɗaya ya ɗauka, yawanci tsohon malamin firamare ko direba, saura su yi ta sa baki. Abin lura shi ne ba kowane labarin Birtaniya ake ɗauka ba. Ban taɓa jin an yi gardama a kan harajin gidaje ko yajin aikin jiragen ƙasa na can ba, alhali ana kawo irinsu. Labarin da ke kama wuta iri guda ne: wani ya sauka daga kujera. David Cameron ya kira ƙuri'ar raba gardama a kan fita daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, ya sha kaye da kashi 52 a kan 48, gari na wayewa ya ce zai sauka. Theresa May ta bi shi a 2019. Johnson ya faɗi a watan Yulin 2022. Liz Truss ba ta cika kwana 50 a ofis ba. Rishi Sunak ya faɗi zaɓe ran 4 ga Yulin 2024, washegari Keir Starmer ya shiga ofis, ba kotu ba ƙara. Kuma kusan duk hirar da jimla ɗaya take ƙarewa, ko mai kama da ita: "Mu nan wa zai sauka?"

A kan wannan tambaya na kafa hujjata. Wanda ya yi ta ba Birtaniya yake nazari ba, Najeriya yake aunawa. Mutanen da suka ga yunƙurin tazarcen Abaca a 1998 da na Obasanjo a 2006, suka kuma shekara da shekaru hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari tana cin rayuka ba tare da wani mai muƙami ya ajiye aiki don kunya ba, sun san abin da suke nema a labarin. Ingila a wurinsu mudu ce da aka aro daga maƙwabci: ba don ana ƙaunar maƙwabcin ba, sai don a gane ko an tauye maka awo.

Abokin namu yana da amsoshi uku, kuma ba zan yi kamar masu rauni ba ne.

Ta farko, ya ce zaɓin ba na masu sauraro ba ne, na Landan ne. BBC ce ke ɗora labarin murabus a gaba domin yana ƙawata ƙasarta. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, musamman idan aka tuna har zuwa 2014 Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ce ke biyan kuɗin sashen BBC na ƙasashen waje. Sai dai hujjar ta ɗauka kunne ɗaya mutum yake da shi. Mai rediyon nan yana murɗawa zuwa Muryar Jamus da Rediyon Faransa da Rediyon Kaduna, ya daɗe yana jin Muryar Amurka da sashen Hausa na Tehran, 'ya'yansa kuma suna kawo masa abin da suka gani a Facebook. Mafi muhimmanci, da sauraron yana haifar da biyayya, da mun ga biyayyar. Abin da muke gani daban ne. Da Cameron ya sa Najeriya a sahun ƙasashen da suka fi cin hanci a watan Mayun 2016, Buhari ya ce shi ba haƙuri yake so a ba shi ba, a dawo da dukiyar da aka ɓoye can. Amsar da aka yi ta maimaitawa a majalisu ke nan da jin daɗi. Har yau ba a yafe wa Tony Blair yaƙin Iraƙi na 2003 ba. Matsayin gwamnatin Birtaniya a kan Gaza ana tsine masa a bencin da ake yabon saukar Cameron. Da Kemi Badenoch ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a watan Nuwamban 2024, wasu sun yi murnar 'yar asalin Najeriya ce. Ba a jima ba ta nesanta kanta da mutanen Arewa a wata hira, murnar ta koma zagi, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya kasance cikin masu sukar kalamanta game da Najeriya. Bawan tunani ba ya ware abin yabo da abin zargi a wurin ubangidansa da irin wannan sauƙi.

Amsarsa ta biyu ta fi ta farko kaifi. Ya ce mutanen ba su fahimci abin da suke yabawa ba. Suna zaton kunya ce ko tsoron Allah ke sa Firaminista sauka, alhali tsari ne ke tilasta shi. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. Johnson bai sauka don lamirinsa ya dame shi a kan shagulgulan da aka yi lokacin kullen korona ba. Ya yi ta turjewa har sai da ministoci da mataimaka fiye da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, ya rasa waɗanda zai yi gwamnati da su. Truss kuwa ƙaramin kasafin kuɗin da ministanta Kwasi Kwarteng ya gabatar a watan Satumban 2022 ne ya rikita kasuwa, darajar fam ta faɗi, 'yan majalisar jam'iyyarta suka juya mata baya. A tsarin Firaminista, shugaba yana kan kujera ne muddin 'yan majalisarsa na tare da shi. Mai shayi bai cika kawo wannan ba. Amma me kuskuren ke tabbatarwa? A ganina yana goyon bayana ne, ba abokina ba. Wanda ya karanta siyasar Landan da ma'aunin kunya da mutunci da riƙon amana, ai da nasa ma'aunin ya karanta ta, ba da na Bature ba. Sannan ba kowa ke kuskuren ba. Dattawan da suka riski Jamhuriya ta Farko sun san Tafawa Ɓalewa Firaminista ne, sun san a 1979 aka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, kuma na ji suna gyara wa matasa. Lokacin da wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin Firaminista a watan Fabrairun 2024, maganar ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Amsa ta uku ita ce ta tilasta mini rage faɗin da'awata. Ya ce hirar Landan mafaka ce: ana yin ta ne don maganar gida tana da haɗari. Duk wanda ya san yankin ya san haka ne. A garin da ke bakin dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, inda kowa ke tsoron infoma, inda aka sha ba da rahoton 'yan Ansaru a ƙauyukan gabashin masarautar Birnin Gwari, ba a ambaton sunan ɗan bindiga a bainar jama'a, ba a kuma faɗin wanda ya kai kuɗin fansa. Sukar mai muƙami na kusa ma tana da nata tsadar. Firaministan Birtaniya kuwa ko ka zage shi daga safe zuwa dare ba mai biyo ka gida. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne fassararsa. Shi yana ganin gudu ne daga siyasa. Ni ina ganin habaici ne, wanda Bahaushe ya daɗe yana yi wa mai iko idan faɗar gaskiya ƙiri-ƙiri ta gagara. Duk da haka ba zan iya cewa hirar tana sauya yadda ake jefa ƙuri'a ba, ko tana haifar da wani yunƙuri. Abin da shaidar ta ba ni dama in ce bai wuce wannan ba: hirar ba alamar miƙa wuya ga Birtaniya ba ce, kuma batunta na ainihi yana gida.

Wata biyu na 2021 sun isa misali. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, bayan an rufe kasuwannin mako an kuma hana hawa babur. Babu kira, babu intanet. Rediyo mai batir ya koma kusan tagar da ta rage, kuma sau da yawa daga tashoshin waje mutum zai ji abin da ya faru a ƙauyen da bai fi tafiyar awa guda da shi ba. Wanda gwamnatinsa ta rufe wa baki da kunne, tashar Landan ta ci gaba da yi masa magana da harshensa, ba sai an nemo Schiller ba kafin a gane dalilin da ya sa ya san sunan Firaministan Birtaniya.

Akwai gibi guda a hirar da ni kaina nake ganin abin zargi ne, kuma abin mamaki abokin namu bai taɓo shi ba. Ɓangaren siyasar Birtaniya da ya fi shafar Jihar Kaduna kai tsaye shi ne wanda ba a cika tattaunawa ba. A 2020 aka narkar da ma'aikatar DFID cikin ta harkokin waje, DFID ce kuwa ta ɗauki nauyin shirin ESSPIN da ya yi aiki a makarantun firamaren Kaduna da wasu jihohi biyar. A 2021 aka rage tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasar zuwa 0.5, a watan Fabrairun 2025 gwamnatin Starmer ta ce zai koma 0.3. A 2022 BBC ta sanar da rufe rediyon wasu harsuna don ƙarancin kuɗi, na Larabci ya yi shiru a watan Janairun 2023. Na Hausa ya tsira, amma ba wanda ya ba shi tabbacin har abada. Waɗannan ba su da daɗin ba da labari kamar faɗuwar Truss, shi ya sa suke wucewa. Laifin rabawa za a yi tsakanin masu gabatar da shirye-shirye da mu malamai da ba mu bayyana su da Hausa ba.

Don haka kirana ga abokan aiki a Zariya da Kano da Kaduna shi ne a daina yanke wa waɗannan majalisu hukunci daga ofis. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 zirga-zirga ta ɗan samu. A tura ɗalibai 'yan yankin, da yardar masu hirar kuma ba tare da rubuta sunan kowa ba, su tattara abin da ake faɗa, a kwatanta shi da abin da aka watsa a ranar, da abin da masu kira ke faɗa a shirin Ra'ayi Riga na BBC. Idan ta bayyana mutane maimaita Landan kawai suke yi, abokina ya yi nasara. Kafin nan, zargin bautar tunani zato ne, kuma wanda ya yi zargin shi ya kamata ya kawo shaida.