Daga Wuri Zuwa Kuɗin Wasan Waya: Tarihin Darajar Kuɗin Ƙirƙira a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a dubi yadda abin da ba a ci, ba a sha, ba a kuwa ɗaurawa, yake samun daraja har a sayi hatsi da shi, da kuma yadda darajar take gushewa. Za a ɗauki misalai uku daga tarihin Kano, wato wuri da liyari da kuɗin wasannin wayar hannu.

2.0 Wuri

Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Shi kuwa wuri ƙwanson wata 'yar halittar teku ce da ake tsincewa a tsibiran Maldib, can cikin Tekun Indiya. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa (1703–1731). Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri dubu shi ne zambar, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne.

Abin lura a nan shi ne, darajar wuri ta dogara a kan abu biyu, wato wahalar samunsa da yardar jama'a. Daga wajejen tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Da ya yi yawa sai ya faɗi, har ta kai ga ladan ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye kaso mai yawa na abin da aka ɗauko. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka kuma matsa a biya haraji da tsabar kuɗinsu. Wanda ya tara kesuna ya wayi gari da tarin ƙwanso. Amma wuri bai ɓace ba, sai ya koma hannun 'yan bori da masu duba da masu ado, waɗanda har yau suke sayensa da naira.

3.0 Liyari

Liyari, wato dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, yana ɗauke da wata 'yar almara a jikinsa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da hotonta da wannan shekara, domin fatake ba su yarda da wanda aka sauya wa kama ba. Ke nan shekarar da ke jiki ba lallai ta zama ta bugawa ba. Duk da haka liyari bai yi faɗuwar wuri ba, saboda nauyinsa kusan giram 28 ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 azurfa ce. Da ya daina ci a kasuwa, sai maƙeran fari suka riƙa narka shi suna yin zobba da mundaye.

4.0 Kuɗin Wasan Waya

A 2024 matasan Kano, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Arewa, suka duƙufa a kan wasannin manhajar Telegram, inda ake dangwala fuskar waya ana tara sulallan da babu su sai a cikin wasan. Suka kira aikin "mainin", wato haƙar ma'adini. A watan Mayu na shekarar aka shigar da Notcoin kasuwar kuɗin intanet, waɗansu suka canja nasu suka karɓi naira a hannu. Wannan ya ja ɗimbin jama'a zuwa Hamster Kombat. Da aka buɗe cinikinsa a watan Satumba, sai da yawa suka ga abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, bayan watanni na sayen data da cajin waya.

Dalilin bai sha bamban da na wurin Zanzibar ba. Masu tarawa sun kai miliyoyi, kowa mai sayarwa ne, masu saye kaɗan. Bambancin kurum shi ne wuri ya bar ƙwanso, liyari ya bar azurfa, sulallan waya kuwa ba su bar abin da maƙeri zai narka ba.

5.0 Kammalawa

A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin sauƙaƙa shigo da kaya da fitar da su, har da na masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Leburan da ke dako a irin waɗannan wurare da naira ake biyansa, ita ma takarda ce wadda doka da haraji suka tsaya mata, kamar yadda suka tsaya wa sulen Turawa a kan wuri. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, kuɗin ƙirƙira yana iya ciyar da mutum muddin akwai mai karɓa. Tambayar da ta kamaci mai tarawa, tun zamanin Sharefa, ita ce: wa yake da ikon ƙara yawansa, wa kuma aka wajabta wa karɓarsa?